Likitanci a Danfodiyo: lesin za a sa ta ko karatun gida ya isa?

Uban 'Yan Mata (Mabera): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga malamai da iyayen da 'ya'yansu suka riga suka bi ta wannan hanya. 'Yata tana aji shida na sakandare, bana za ta zauna JAMB da WAEC da NECO, kuma tun tana ƙarama ba ta da zance sai likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A ajinsu ba ta wuce ta ɗaya zuwa ta uku. To amma wani yayanta ya sa mata tambayoyin shekarun baya a waya, ya ba ta awa biyu, sai ta tashi da 196. Tun ranar ba ta da walwala. Mahaifiyarta ta ce a sa ta lesin, ni kuma kuɗin da ake kira ya yi mini nauyi, ga kuɗin rajista har uku. Shin lesin ɗin dole ne? Kuma maki nawa ke kai yaro likitanci? Na ji an ce da 150 ma ana shiga jami'a.

Malamin Kemistiri: Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da 150 ɗin, don nan iyaye da yawa suke ruɗewa. A taron da JAMB ta yi da shugabannin makarantu a 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin da jami'a za ta karɓa, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin ilimi da na fasaha. Ma'ana, ƙasa da haka ba a ma duba takardar yaro. Ba wai mai 150 zai samu abin da ya nema ba. Kowace jami'a da makin da take yankewa, kowane kwas da nasa, likitanci kuwa shi ne a ƙololuwa. Dalili shi ne hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makarantar likitanci za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin koyarwarta. Kujeru ƙidayayyu ne, masu nema kuma ba iyaka. Ni ɗalibaina masu son likitanci ce musu nake su sa 280 zuwa sama a gabansu, don su shiga layi da ƙarfinsu.

Amma kada 196 ta karya mata gwiwa. A sakamakon farko da aka fitar a 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.95 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su wuce 12,000 da 'yan kai ba a duk Najeriya. Yarinyar da ta samu 196 a gwajin farko, ba tare da an taɓa koya mata dabarar jarrabawar ba, akwai abin ginawa a kanta.

Hajiya ta Runjin Sambo: Alhaji ka sa ta lesin, kar ka tsaya duba kuɗi. Ɗiyana biyu duk lesin munka sa su, kuma munka ga amfani. Yarinya in tana gida aiki ba shi barin ta. Ta ɗora sanwa, ta yi wanke-wanke, ta goya ƙane, yaushe za ta buɗe littahi? In ta hita lesin ko ba komi an san waɗanga awowi na karatu na.

Ɗalibar Likitanci: Hajiya ki yi haƙuri, ni ban yarda lesin ne maganin ba. Baba, ni ma daga makarantar gwamnati na fito a cikin garin nan, kuma ban je lesin ba. Ƙawayena da suka je, aji ɗaya ake cusa su kusan ɗari a cikin zafin nan, malami yana karanta tambaya yana cewa amsa C ce, su rubuta. Ranar jarrabawa da aka juya tambayar kaɗan sai ido ya raina fata. Abin da ya taimake ni shi ne manhajar JAMB. Kyauta take a shafinsu, kowane darasi an jera batutuwan da za a yi tambaya a kansu. Na buga ta a takarda, na bi ta ɗaya bayan ɗaya da biro. Duk batun da na gama sai in nemi tambayoyin baya da suka shafe shi in amsa. Wanda na faɗi kuma ba na wuce shi sai na gano abin da ya sa na faɗi. Ina da wani littafin rubutu da ba na sa komai a ciki sai tambayoyin da suka kayar da ni, shi nake bi kafin in kwanta.

Amma maganar aikin gida gaskiyar Hajiya ce. Mahaifiyata ta ɗauke mini girkin dare har na gama jarrabawa. Wannan ya fi mini kowane lesin.

Hajiya ta Runjin Sambo: Ɗiyata ke Allah ya ba ki kai da natsuwa. Ba kowace ɗiya ka iya zama ita ɗai ta yi karatu ba wanda ka tsaye kanta.

Malamin Kemistiri: Ku duka biyun kuna da gaskiya, amma kafin a kashe kuɗi a fara gano inda ciwon yake. Alhaji, 196 ɗin nan, nawa ta ci a kowane darasi?

Uban 'Yan Mata (Mabera): Na tambaye ta yanzu. Bayoloji 64, Kemistiri 52, Fiziks 39, Turanci 41. Ta ce kuma lokaci ya ƙare mata da saura tambayoyi kusan talatin ba ta ko karanta ba.

Malamin Kemistiri: To ka gani. Wannan ba yarinyar da za a kai lesin na darussa huɗu ba ce. Bayolojinta lafiya lau, Kemistiri maimaici yake so. Fiziks ne ke neman malami, shi ma ina kyautata zaton lissafin cikinsa ne ke kayar da ita, irin juya fomula da sauya ma'auni. Ka nemi ɗalibin jami'a mai karanta Fiziks ko injiniyanci a unguwarku, ya riƙa zuwa gida sau biyu ko uku a mako. Kuɗinsa ba zai kai na lesin ba, kuma ita kaɗai zai fuskanta.

Sai maganar lokaci. Tambayoyi 180 ne a minti 120: Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, kowane darasi maki 100, jimla 400. In ka raba, daƙiƙa 40 kowace tambaya take da ita. Wadda ta tsaya minti uku tana kokawa da lissafi ɗaya ta zubar da tambayoyi huɗu masu sauƙi da ke jiranta a gaba. Ta fara da Bayoloji tunda nan ta fi ƙarfi, ta kwashe shi da sauri, ta tara mintuna ta kai wa Fiziks. Wadda ta cije ta tsallake ta, ta dawo daga baya. Kuma ba a rage maki don an zaɓi amsar da ba daidai ba, saboda haka kada ta bar ko ɗaya fayau.

Tsohon Firinsifal: Malam ya yi bayani mai kyau, amma ni 41 ɗin Turancin nan ya fi tsaya mini a rai fiye da Fiziks. Na daɗe a cikin aji a jihar nan, kuma abin da na gani shi ne yaranmu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Yaron da ya haddace izu sittin, ya san Ahalari da Ishmawi da ka, ba za a ce masa dakiki ba. Harshen jarrabawar ne ba nasa ba. A aji malami ya rubuta da Turanci ya yi bayani da Hausa, yaro ya gane sarai, ya haddace abin da ke kan allo, ya ci jarrabawar makaranta, ya zo na ɗaya. Ran da ya zauna gaban kwamfuta ba mai fassara masa. Tambaya ta ce a zaɓi wanda ba ya cikin jerin, shi kuma idonsa bai kama kalmar korewar ba, ya zaɓi amsar farko da ya sani. Kashi mai yawa na abin da muke kira faɗuwa a Fiziks da Kemistiri, faɗuwa ce a karanta tambaya.

Wannan kuwa ba ya gyaruwa da haddar ma'anar kalmomi a wata biyu. Karatu yake so kullum. Alhaji ka sa ta karanta shafi biyu ko uku na jarida ko littafin labari na Turanci kowace rana, ta rufe, ta gaya maka da Hausa abin da ta fahimta, sannan ta rubuta shi da Turancinta a layi biyar. Littafin labarin da JAMB ke wajabtawa ta karanta shi da kanta daga bango zuwa bango, kada ta dogara da taƙaitawar da ake yawo da ita a WhatsApp. Akwai kuma ɓangaren furuci da inda ake danna murya a kalma, wanda yawancin makarantunmu ba sa koyarwa sam. Masu ƙananan yara a zauren nan, ku ji da kyau: shirin JAMB daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare yake farawa, ba daga ranar sayen fom ba.

Kawu na Illela: Ranka shi daɗe Firinsifal, ku cikin birni kuna maganar Turanci, mu nan ƙauye maganar na'urar muka yi. Ɗan ƙanena bara yat tahi Sakkwato rubuta wagga jarrabawa, bai taɓa aza hannu bisa kwamfuta ba sai ran nan. Tun da asuba munka kama hanya. Yac ce min da anka zaunar da shi hannunai rawa shikai, kibiyar ga ta allo ta ƙi tsayawa inda shika so. Kahin shi saba, lokaci ya tahi. Yaro mai ƙoƙari, wallahi. Mi za mu yi ma irin waɗanga?

Ma'aikacin Santar CBT (wurin jarrabawa ta kwamfuta): Kawu wannan kullum muna ganinsa, kuma abin tausayi ne, domin tun 2015 aka daina ta takarda gaba ɗaya. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba dole sai da linzamin kwamfuta ba. An tsara ta yadda za a iya yi da madannai kawai: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki in an gama. Wanda ya san wannan ko bai iya riƙe linzami ba zai yi jarrabawarsa. Sai dai a ja masa kunne kada ya taɓa S sai ya tabbata ya gama. Akwai kuma jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske, ba dole ba ce, a wurin rajista ake nuna ana so. Ɗan ƙauye ya fi kowa bukatarta, ko don ya ga ɗakin, ya ji sanyinsa, ya ga agogon da ke ƙirga lokaci a saman allo, ya gwada kalkuletar da ke cikin na'urar, tunda ba a shiga da ta hannu, ba a shiga da waya ko agogo.

Tunda na shigo, bari in faɗi abin da ke jawo wa yara kuka a gabanmu. Rajista sai da lambar NIN tun 2021. Ana tura ta zuwa 55019 ko 66019 a samu lambar buɗe fayil, kuma layin da aka tura da shi ya zama na yaron har ya shiga makaranta, don da shi ake duba sakamako. Kada a yi da layin maƙwabci ko na mai shago. Suna da ranar haihuwa da ke kan NIN su ne za su hau fom, in sun saɓa da na WAEC a gyara tun kafin a zo. Shekaru kuma sai 16. Sannan Alhaji, tunda mace ce: lalle. Kada ta yi ƙunshi a yatsu gab da rajista ko gab da jarrabawa. Na ga yarinya an goga yatsanta a na'ura an sake gogawa, an wanke an shafa, ta ƙi karɓa saboda baƙin lalle ya rufe zanen, 'yan layinta duk sun shige tana tsaye a bakin ƙofa tana hawaye. In akwai biki a dangi ta haƙura sai an gama.

Hajiya ta Runjin Sambo: Wanga zance na lalle a yaɗa shi ko'ina don Allah. Bayan salla ɗiya mata duk da ƙunshi suke.

Ɗan Kabu-kabu Mai Digiri: Ku yi ta lissafin daƙiƙa. Ni dai abin da na sani a ƙasar nan, ɗan talaka ko 300 ya ci in ba shi da wanda zai tsaya masa, sunansa ba zai fito ba. Alhaji ka nemi hanya tun yanzu, shi ne gaskiya. Akwai ma masu cewa suna iya ƙara maki a na'ura in an biya.

Ma'aikacin Santar CBT: Ɗan'uwa, wannan na ƙarshen ka janye shi. Duk wanda ya ce zai ƙara maki ɗan damfara ne. Abin da suke yi shi ne su buga takardar sakamako ta bogi su ba ka, ranar tantancewa a buɗe na'ura a ga makin gaskiya, yaro ya rasa gurbi, wani lokacin a soke sakamakon a hana shi sake zama. Kuɗi sun tafi, mutunci ya tafi.

Ɗalibar Likitanci: Yaya, na san abin da ke sa mutane faɗin haka, amma irin wannan magana tana kashe zuciyar yara tun kafin su gwada. Mahaifina tela ne, bai san kowa ba. A ajinmu akwai 'ya'yan manoma daga Kebbi da Zamfara. Tun 2017 ta CAPS, wato tsarin JAMB na intanet, ake bayar da gurbi, yaro yana iya shiga ya ga matsayinsa da idonsa. Jami'o'in tarayya kuma ƙa'idarsu sananniya ce: kashi 45 cikin ɗari cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ɗan Sakkwato mai neman Danfodiyo yana iya shiga ta kowace ƙofa cikin ukun. Wannan dama ce da ba zai samu irinta ba in ya nemi Ibadan ko Legas.

Ɗan Kabu-kabu Mai Digiri: To in haka ne me ya sa ake ganin mai 260 a gida, mai 230 a aji?

Malamin Kemistiri: Ban ce duniya ta gyaru ba, amma sau da yawa in ka bincika akwai dalili. Na farko, makin JAMB ba shi kaɗai ake dubawa ba, ana haɗa shi da tantancewar jami'a da sakamakon sakandare. Likitanci yana neman kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama sai a zama ɗaya suke karɓa. Mai 260 da ya faɗi Lissafi a WAEC ba inda za shi. Na biyu, wasu ba sa ɗora sakamakon sakandarensu a shafin JAMB, na'ura kuma ba ta ganin wanda bai ɗora ba. Na uku, haɗin darussa. Na ga mai son injiniyanci ya zauna Bayoloji maimakon Lissafi saboda wanda ya cike masa fom bai duba ba. Na huɗu, wani an ba shi gurbin a CAPS bai shiga ya karɓa ba har ya wuce shi. Sannan mai 230 ɗin wataƙila ta ƙofar jiharsa ya shiga, ko kuma ba kwas ɗaya suka nema ba.

Ɗan Kabu-kabu Mai Digiri: Na ji, amma ita na'urar ma ai tana kuskure. Ko kun manta 2025?

Tsohon Firinsifal: Ba mu manta ba. Matsalar na'urar ta shafi sakamakon mutum 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, shugaban JAMB na lokacin Farfesa Is-haq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida ya amsa laifi har da hawaye, aka sake musu jarrabawa. Abin da na ɗauka a ciki shi ne iyaye da ɗalibai ne suka ɗaga murya da hujja har aka duba. Saboda haka a adana kowace takarda, silif ɗin rajista da na jarrabawa da saƙon sakamako. Amma wannan ba dalilin da zai sa a ce wa yarinya ta ajiye littafi ta nemi hanya ba ne.

Uban 'Yan Mata (Mabera): Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya da ke hana ni barci. In ta yi iya ƙoƙarinta ba ta kai ba fa? Ta zauna gida ta sake shekara mai zuwa, ko ta karɓi abin da aka ba ta?

Hajiya ta Runjin Sambo: Ta amshi abin da anka ba ta. Ɗiya mace ba a aje ta gida tana jiran JAMB shekara bayan shekara. Zama gida ka kashe karatu, kuma ka san maneman aure ba su jira. Ga jinya, ga haɗa magunguna, ga aikin gwaje-gwaje na asibiti, duk taimakon al'umma na.

Ɗalibar Likitanci: Hajiya waɗannan ukun ma ba a samunsu da sauƙi, makinsu yana bin bayan na likitanci ne kaɗan. Ni kuma ina ganin in tazarar ba ta da yawa, a bar ta ta sake sau ɗaya. Ku zo asibitin koyarwa ku ga layin mata a ɓangaren haihuwa, ku ji yadda suke tambaya ko akwai likita mace. Wata daga ƙauye takan ɓoye ciwonta har ya ci ƙarfinta saboda kunyar namiji. In duk yarinyar da ta rasa da maki kaɗan muka ce ta haƙura, wa zai duba su?

Tsohon Firinsifal: Akwai tsaka-tsaki. Ba dole ta zauna hannu rabbana ba. Tana iya karɓar kwas na kimiyya ta fara, ta sake zama JAMB tana cikin makaranta, in ta dace ta koma. Akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, wadda ake shiga aji biyu da sakamakonta, sai dai kujerun likitanci ta wannan ƙofa sun fi ƙaranci. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne masu cewa ta shiga kowane kwas daga baya a mayar da ita likitanci. Kada ka gina shiri a kan wannan alkawari. Kuma a tambaye ta ita kanta, likitancin take so ko sunan. Danfodiyo tana da tsangayar likitan dabbobi, a jihar da kiwo ya yi yawa irin tamu, amma yara ba sa ko kallonta.

Malamin Kemistiri: Wannan shawarar a ajiye ta sai sakamako ya fito, don akwai damar canza kwas ko makaranta bayan an ga maki. Yanzu abin yi: malamin Fiziks, karatun Turanci kullum, da cikakken gwaji na awa biyu sau ɗaya a mako, a kan kwamfuta ba waya ba, da rana tsaka ba fanka in ta kama, don jiki ya saba. Karatu mai nauyi ta mayar da shi bayan sallar asuba kafin gari ya ɗau zafi. Kada kuma ta saki WAEC saboda JAMB, manhajar kusan ɗaya ce.

Kawu na Illela: To mu da ba mu da kwamfutar fa Malam?

Malamin Kemistiri: Ina da laftof guda biyu, akwai tambayoyin baya a kansu da ba sa bukatar data. Duk Asabar bayan la'asar ina gida. In akwai mai wata da ba ya amfani da ita ya ara mana.

Ma'aikacin Santar CBT: Zan kawo ɗaya, in kuma nuna musu madannan da kaina.

Ɗan Kabu-kabu Mai Digiri: Ni har yanzu ina kan bakana a maganar hanya. Amma Kawu in yaronku ya sauka tasha ranar Asabar a kira ni, zan kai shi gidan Malam in mayar da shi, ba sai ya biya ba.

Uban 'Yan Mata (Mabera): Malam na turo maka saƙo ta gefe. Za ta zo da ƙawarta da ƙanenta mai rakiya, in akwai wuri.

Malamin Kemistiri: Akwai. Su taho da biro da littafin rubutu sabo, da manhajar Fiziks a buge.